Ɗamarar Hunter Safety System da igiyar Lifeline: abin da na gani a kaka huɗu a kan bishiya

Ranar da na gaya wa Inna a waya cewa na shiga farautar barewa a nan jihar Wisconsin ta Amurka, sai da ta yi ɗan shiru, sannan ta ce, "To, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma dai ba ka hawa bishiya irin yadda Baba yake yi ko?" Baban da take nufi kakana ne, maharbi, wanda ya yi zamaninsa a ƙauyukan gefen dajin Falgore. Da la'asar sakaliya yake fita, ya nemi bishiyar da ke kallon mashaya, ya hau ya zauna tsakanin rassa da bindigarsa ta toka, ya kwana yana dako. Ba igiya, ba komai, sai addu'a da ƙarfin hali. Na ce mata, "Inna, ina hawa, amma a ɗaure nake." Ta ce, "A ɗaure da me?"

Na san inda tsoronta ya samo asali. Akwai ƙanin babana da ya faɗo daga kan ɗorawa yana saurayi, ya karya ƙashin baya. Ina yaro ni ake ba wa kwanon tuwonsa in kai masa zaure, in same shi kwance a kan tabarma, ƙafafunsa sun shanye sun zama kamar sillen kara. Mutum ne mai fara'a, yakan ce in zauna mu ci tare. Shekaru ya yi a haka har Allah ya karɓi abinsa. Saboda haka maganar faɗowa daga bishiya, mu a gidanmu mun san kamanninta, mun san warinta.

A nan ƙasar, yawancin masu farautar barewa daga sama suke dako. Barewarsu mai farin bindi tana da hanci da kunne na ban mamaki, in kana ƙasa da wuya ta bari ka gan ta. Sai a ɗaura wata kujerar ƙarfe mai ɗan dandamalin taka ƙafa a jikin bishiya, tsayin ƙafa 15 zuwa 20, mutum ya hau tun da duhu ya zauna. Ni kujerar dako nake ce mata. Wata haɗe take da tsani, wata rataya ta ake yi a hau da gajerun matakala da ake ɗaurawa a jikin itacen, wata kuma da ita kanta ake rarrafawa sama. Babbar kakar farauta da bindiga a Wisconsin kwana 9 ce, tana farawa ranar Asabar ɗin da ke gaban bikin Godiya na Amurkawa a watan Nuwamba, lokacin da sanyi ya kankama, komai ya daskare.

Wanda bai sani ba zai ɗauka bindiga ce babban haɗari a wannan harka. A ajin koyar da farauta da doka ta wajabta mini kafin in sami lasisi na fara jin akasin haka. A shekarar 2010 likitoci a Jami'ar Jihar Ohio sun fitar da sakamakon bin diddigin mafarautan da aka kawo asibiti da rauni: rabinsu faɗowa suka yi, kusan dukansu daga kan kujerar dako, waɗanda harsashi ya sama kuwa ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Ƙafa 20 mita 6 ce. Wanda ya kuɓuce daga nan, cikin daƙiƙa ɗaya da 'yar ɗoriya yake isa ƙasa, da gudun da ya kusa kilomita 40 a awa. Ba lokacin kama reshe, ba lokacin juya jiki.

Ɗamarata ta farko kyauta ce, a cikin kwalin kujerar na same ta. Tun 2004 kamfanonin da ke cikin ƙungiyar masu ƙera kujerun dako, wadda ake taƙaita sunanta da TMA, suke saka ɗamarar da ke kama jiki duka a cikin kowane kwali. Abin a yaba ne, kuma ba na shakkar ƙarfinta. Matsalarta ɗaya: tarin maɗaurai ce baƙaƙe, duk kamarsu ɗaya, da zarar ka jefa ta cikin jaka sai ta cukurkuɗe kamar zaren saƙar da kyanwa ta yi wasa da shi. Ka tsaya da asuba gefen a-kori-kura, yatsu sun ƙage don sanyi, tocila a baki, kana neman wanne ne na kafaɗa wanne ne na cinya. Ranar farko na yi haƙuri. Rana ta biyu na sa ta a karkace. Rana ta uku na bar ta a mota na hau haka nan, na ce ai sau ɗaya ne.

Dattijon da ya ba ni izinin farauta a gonarsa, Bature ne da ya haura shekara 70, abokin aikina ne ya haɗa mu. Da rana ya zo wucewa a tarakta ya hango ni a sama babu komai a bayana. Bai ɗaga murya ba. Da na sauko ya ce, "Ɗana, in za ka sake hawa haka, ka nemi wata gonar. Na taɓa ɗauko mutum daga gindin bishiya, ba zan sake ba." Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa fuskata. Washegari ban je daji ba, kantin kayan farauta na nufa.

Na gwada guda 4 ko 5 a kantin, kuma shawarata ta farko ke nan: ka je da ƙafarka ka gwada, sanye da irin kayan sanyin da za ka hau da su. Wadda na ɗauka ta kamfanin Hunter Safety System ce, samfurin da suke kira Hybrid. Kamfanin a jihar Alabama yake, wasu 'yan'uwa biyu mafarauta suka kafa shi bayan ɗayansu ya tsallake rijiya da baya a kan bishiya ba tare da ɗamara ba. Da ka riƙe ta za ka gane wanda ya tsara ta ya san ciwon da na faɗa a sama. Kamar 'yar shara take: ka zura hannu, ka zura ɗaya, ka ɓalla maɓallin gaba, sannan biyu na cinyoyi, shi ke nan. Ba ta da hanyar cukurkuɗewa, domin samanta da ƙasanta a bayyane suke ko a duhu. Na taɓa duba agogo, ban kai minti ɗaya ba na gama sawa da safar hannu a hannuna. Maɓallan irin na bel ɗin mota ne, in sun shiga za ka ji ƙas, ka ja ka tabbatar. Kuɗinta a lokacin ya ɗan haura dala 100.

Girmanta da nauyin mutum ake zaɓa. Yawancin irin waɗannan ɗamaru iyakarsu fam 300, wato kilo 136, kuma lissafin ya haɗa da takalma, kayan sanyi da jakar da ke bayanka. Mai jiki ya lura da wannan, kada ya auna kansa da singileti ya ce ya shiga.

A tsakiyar baya, tsakanin kafaɗu, akwai wani maɗauri mai faɗi da ke tashi ya je ya kama bishiya. Ni talala nake kiransa, don aikinsa ke nan: ya ba ka sararin juyawa ka yi harbi, ya hana ka wuce iyaka. In ka duba shi da kyau za ka ga an ninka shi an ɗinke a wasu wurare. Da farko na zaci ado ne ko gajarta shi aka yi. Ashe da gangan aka yi ɗinkin don ya farke in nauyi ya fizge shi, kowane ninki ya shanye wani kaso na fizgar kafin ta iso ƙashin bayanka. Kuma shi ne shaidarka: duk talalar da ka ga ninkinta ya buɗe, ta riga ta yi aikinta, ta tashi daga aiki.

Inda ake ɗaura ta a bishiya shi ne inda mutane da yawa suke kuskure. Sama da kai ake ɗaurawa, yadda in ka zauna za ka ji ta kusa miƙewa, saura ƙiris ta ja ka. In ka ɗaura ta daidai ƙugu don ka sake, ranar da ka zame za ka yi nisa ƙasa da dandamalin, fizgar ta yi tsanani, kuma komawa sama ya gagara.

To amma duk wannan rabin magana ne, kuma nan nake so mai karatu ya tsaya. Ɗamara tana kare wanda ya riga ya hau ya zauna ya ɗaura talalarsa. Alhali mafi yawan faɗuwa ba a zaune take faruwa ba. A hawa take faruwa, da sauka, da kuma wannan taku ɗaya da mutum yake yi daga matakala zuwa dandamali. A duk waɗannan lokutan, mai ɗamarar dala 200 da wanda ba shi da komai ɗaya suke, muddin ba abin da ya haɗa su da itacen. Na yi kaka guda cur ina hawa da ɗamara a jikina, talala tana reto a bayana ba ta kama komai ba, ina ganin na kare kaina.

Abin da ya toshe wannan ɓarakar shi ne igiyar da kamfanin yake kira Lifeline. Doguwar igiya ce mai ƙafa 30, wajen mita 9. Ana ɗaure kanta a bishiya sama da kujera, a sako ta har gindi a ɗaure ta miƙe. A jikinta akwai wata siririyar igiya da aka naɗa ta zagaye-zagaye, da ƙugiya mai makulli a bakinta. Naɗin nan shi ake kira ƙullin Prusik, sunan wani mai hawan duwatsu ɗan ƙasar Ostiriya, Karl Prusik, da ya fito da shi a 1931. Hikimarsa mai sauƙi ce har ta ba ka mamaki. In ka kama shi da yatsu ka tura, sai ya zame sama ko ƙasa salin alin. In nauyi ya faɗa masa farat ɗaya, sai ya shaƙe babbar igiyar ya ƙi motsi. Ba inji, ba batir, ba abin da zai lalace don sanyi. Kana tsaye a ƙasa za ka maƙala talalarka a ƙugiyar, ka hau kana tura ƙullin sama da kanka, ka zauna a ɗaure, ka sauko a ɗaure, sai ƙafarka ta taka ƙasa ka kwance. Abu ɗaya da za ka koya wa hannunka: ka tura ƙullin daga ƙasansa ka sake shi, kada ka damƙe shi kana hawa, domin in ka zame yana cikin tafinka, kai da kanka ka hana shi kamawa.

Wasu ƙananan abubuwa biyu sun burge ni a igiyar. An saƙa zare mai ƙyalli a jikinta, da ka haska tocila daga nesa za ka ga bishiyarka a duhu, ba ka ta yawo kana karya kirare kana korar dabbobi. Sannan ƙugiyar tana da murfin roba da ke hana ta bugun matakala ta yi ƙara. Kuɗinta bai kai rabin na ɗamarar ba. Sai dai kowace bishiya da tata, in kana da kujera 3, igiya 3 za ka saya. Kamfanin Muddy ma yana yin irinta mai suna Safe-Line, abokin aikina ita yake amfani da ita, aikinsu ɗaya.

Mai lura zai ce, to wa zai hau ya ɗaura igiyar tun farko? Nan ne igiyar masu hawa falwaya take shigowa. Duk wanda ya taɓa ganin ma'aikacin lantarki a gida ya zagaya bel a jikin falwaya ya jingina baya yana aiki da hannu biyu, ya san abin da nake nufi. Ɗamarar tana da madaukai a ƙugu dama da hagu don haka. Ka zagaya igiyar a bayan bishiya, ka maƙala ta gefe da gefe, kana hawa kana ɗaga ta, kana ɗaura matakala ɗaya bayan ɗaya. Da rana tsaka nake wannan aikin, a watan Agusta ko farkon Satumba, kuma ba na yinsa ni kaɗai.

Akwai wani maɗauri da ke zuwa cikin kwalin wanda da yawa suke jefarwa a gareji don ba su san amfaninsa ba. Ni likkafa nake ce masa. Dalilinsa shi ne, ɗamara in ta cafe ka, ba a nan magana ta ƙare ba. Mutumin da ke rataye, maɗauran cinya suna matse jijiyoyinsa, jini ya taru a ƙafafu ya kasa komawa zuciya. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta yi gargaɗin cewa hakan yana iya kai mutum ga suma, har ga mutuwa, cikin ƙasa da minti 30. Likkafar ana maƙala ta a ƙugun ɗamara, ta sauko ta yi lanƙwasa, ka sa ƙafa ka miƙe tsaye a kanta, matsin ya sauka, jini ya zagaya.

Ban yarda na san wannan a takarda kawai ba. Wata Asabar na ɗaura talala a bishiyar bayan gidanmu, daidai yadda yatsun ƙafata za su kusa taɓa ƙasa, na sa uwargida ta tsaya kusa da ƙaramin tsani. Na saki jiki. Abin da na fara ji shi ne maɗauran cinya sun haura sun cije ni, saboda na bar su sako-sako don jin daɗin tafiya. Darasi na farko ke nan: a ɗaure su tamau, yadda yatsu biyu kawai za su shiga. Ba a jima ba ƙafafuna suka fara tsitsitsi kamar na daɗe a durƙushe. Na laluba aljihu neman likkafa, sai na tarar na sa ta a aljihun wando, inda maɗaurin ya danne. Da ƙyar na zaro ta, da na maƙala kuma ta yi tsawo, ƙafata ba ta samun abin takawa. Uwargida ta ce, "Maigida, fuskarka fa ta canza. Don Allah sauko haka nan." Na sauko, na huta, na daidaita tsawon likkafar na yi mata alama da jan zare, na mayar da ita aljihun gaba na ɗamarar inda kowane hannu zai kai. Na sake gwadawa har sau 3, sai da na iya juyawa na rungumi bishiyar. Tun daga ranar waya da usur ma a aljihun gaba suke zama. Wannan gwajin na rabin awa, ban san kuɗin da zai saye shi ba.

Ranar da kayan nan suka fanshe kuɗinsu kuwa, a kaka ta uku ce, kwana na uku da buɗe farauta. Na yi sallar asuba a gefen mota a kan kwali, na bi gefen gonar masara da tocilar goshi har gindin bishiyata. Daren an yi yayyafi sannan sanyi ya sauko, komai ya yi sulɓi. Na ɗaure bindiga a igiyar da nake jawo kaya da ita kamar guga, babu harsashi a cikinta, na bar ta a ƙasa. Na maƙala ƙugiya, na yi bisimilla, na fara hawa ina tura ƙulli. Da na kai matakala ta ƙarshe na tura shi can sama iyakar hannuna, na ɗaga ƙafar dama na ɗora a dandamali, na sakar mata nauyi. Ƙanƙara ce shimfiɗe a kan ƙarfen, siririya, ba a ganinta. Takalmin ya tafi, hannuna na hagu ya kuɓuce.

Ban san na faɗi ba sai da na ji an fizge ni ta baya, kafaɗata da kuncina suka bugi itacen. Tocilar ta fice daga kaina, na ga haskenta yana juyawa yana tafiya, sannan na ji ta faɗa cikin busassun ganye can ƙasa. Wannan tazarar da ke tsakanin ficewarta da ƙarar saukarta, har yau ina jinta a cikina. Bakina yana ta innalillahi. Faɗuwar da na yi ba ta fi kamu ɗaya ba. Na laluba da ƙafa na sami matakala, na rungumi bishiyar yadda na koya a bayan gida, na tsaya har numfashina ya dawo. Ban ƙarasa hawa ba, a hankali na sauko ina jan ƙullin, wanda ya shaƙe sosai sai da na murza shi kafin ya saki. Da gari ya waye na cire ɗamarar na duba: ninkin farko na talalar ya farke, zaren ya yi buzu-buzu. A jikina kuwa, ƙujewa a kunci da tsamin kafaɗa na kwana 4. Na zauna a gindin bishiyar nan na tuna zauren gidanmu da tabarmar nan, hawaye suka zubo mini.

Kuskuren nawa ne, kuma na gyara shi. Matakalata ta ƙarshe tana ƙasa da dandamalin, dole sai na yi taku sama na haye. Daidai shi ne matakala su wuce dandamali, mutum ya hau sama da shi sannan ya sauko kansa a tsakiya, yana riƙe da hannu biyu. Yanzu kuma kafin in saki nauyi sai na goga takalmi na ji ko akwai sulɓi.

Na koma kantin na sayi irinta sak, da sabuwar Lifeline, domin igiyar ma ta ɗauki fizga. Ƙa'idar masu ƙerawa ita ce duk ɗamarar da ta cafe mutum sau ɗaya a sauya ta, wadda ba ta taɓa ba ma tana da wa'adi, galibi shekara 5. Akwai 'yar takarda ɗinke a ciki mai ɗauke da ranar ƙira, a duba ta tun a kanti, kada a sayar maka da wadda ta riga ta cinye shekara biyu a kan kanta.

Ba zan ce ba ta da inda take takurawa ba, ko da yake abin da zan faɗa ya shafi duk ɗamara mai siffar riga. A farkon kakar baka da kibiya, tsakiyar Satumba, da sauran zafi, kuma za ka yi gumi a cikinta in tafiyar da nisa. Mai farautar wannan lokacin zai fi jin daɗin mara aljihu, mai maɗaurai zalla, kamfanin ma yana da irinsu. A tsananin sanyi kuma ni a kan rigunan ciki nake sa ta, in ɗora babbar riga ruwan goro da doka ta ce a sa, in fito da talala ta wuya. Hakan ya fi kama jiki, amma aljihunta sun shige ciki, sai ka zuge zif kafin ka kai gare su. Sannan maganar kama ruwa da alwala: sai ka kwance maɗauran cinya, kuma wallahi kada ka yi wannan a sama. Ni azahar take sauko da ni, in yi uzurina, in yi salla, in ci abin da na zo da shi, in sake ɗaurawa in duba kowane maɓalli kamar yanzu na fara.

Abin da zan hana ɗan'uwana saye guda uku ne. Bel na ƙugu zalla, irin na da, wanda har yanzu ake gani a kasuwar 'yan gwanjo: in ka faɗi da shi yana iya kifa ka kai ƙasa, ko ya haura ya shaƙe ƙirjinka. OSHA ta hana amfani da shi wajen tare faɗuwa a wuraren gini tun farkon 1998. Sai ɗamara ta hannu, ko ta wa ce, domin ba ka san ranar da ta sha ba, ba ka san ko ta taɓa cafe wani ba. Sai kuma masu arhar nan na intanet da ba su da ranar ƙira, ba su da shaidar sun cika ƙa'idar TMA. Wani ɗan'uwa ɗan Nijar da muke salla tare ya nuna mini wadda ya saya haka, na ja ɗinkin da hannu na ga haske ta tsakaninsa. Arha ba ta ado, balle a kan ƙashin baya.

Matasan mafarauta yanzu sun karkata ga wani salo da ake zama cikin ɗamara kamar sirdi, ana fuskantar bishiya, a ɗaure tun daga ƙasa. Kamfanin Tethrd ya yi suna a nan. Akwai kuma na'urori irin su Treestand Wingman da ke sauko da mutum ƙasa a hankali in ya faɗi, dattijon nan mai gona ita ya koma amfani da ita, don ya ce ƙarfin da zai ja jikinsa ya koma kan kujera ya wuce masa. Ga mai shekaru ko mai nauyi, wannan tunani ne mai kyau.

Igiya kuma ba ta fi abin da aka ɗaura ta a kai ƙarfi ba. Wani koren ƙwaro da ya shigo daga Asiya, aka fara ganinsa wajen birnin Detroit na jihar Michigan a 2002, ya iso Wisconsin a 2008, ya kashe wasu bishiyoyi da ake kira ash ba adadi. Suna nan tsaye a dazuzzuka, miƙaƙƙu, gwanin sha'awa ga mai neman inda zai rataya kujera, alhali cikinsu ya bushe, suna karyewa ba sallama. A watan Nuwamba da duk ganye ya zube, mai rai da matacciya kamarsu ɗaya ga baƙo. Shi ya sa nake zaɓen bishiyata tun da ganye a kanta. Ƙarshen kaka kuma nakan kwance komai in kai gida, domin kurege yana gaigayar igiya, rana tana cinye ta, bishiyar ma tana ƙara kauri ta matse maɗauran kujera har su tsinke. Kafin in fita kuma uwargida ta san bishiyar da zan hau da lokacin da zan dawo, na tura mata wurin a taswirar waya.

Tsohuwar ɗamarar ban jefar da ita haka nan ba. Na sa almakashi na yanyanka maɗauranta don kada wani ya tsince ta a shara ya ga kamar sabuwa. Talalar kaɗai na ajiye, mai farkakken ninkin. Da na je gida bara na tafi da ita cikin jaka, na miƙa wa Inna bayan an watse daga gaisuwa. Ta juya ta, ta shafa zaren da ya farke da babban yatsa, na ba ta labarin tun daga sallar asuba har saukata. Ba ta ce komai ba sai da na gama. Sannan ta tambaye ni nawa ake sayar da doguwar igiyar, ta ce in na tashi dawowa in taho da guda biyu, akwai yaran maƙwabta da ke hawa ɗorawa.